Mayar da Wutar Ƙasa Kan Rana da Iska: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Inda Aikin Ke Cijewa

A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a 2023, ƙasashen duniya sun amince a ninka makamashi mai sabuntuwa sau uku kafin 2030. Sa hannu a takarda bai da wuya. Wuyar tana cikin waya da taransifoma da bashi da ma'aikata, kuma a kansu ne waɗannan tambayoyi suka fi yawa.

An ce wutar sola da ta iska sun fi kowace arha yanzu. To me ya hana a koma kansu gaba ɗaya?

Maganar arhar gaskiya ce. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari, batir ma ya bi sahu. Sai dai abin da ya yi arha shi ne samar da wutar a bakin tashar, a lokacin da rana ko iska ta ga dama. Mai amfani da wuta kuwa ba haka yake saye ba. Yana son ta a gidansa ko masana'antarsa, da ƙarfe takwas na dare, a watan da ya fi kowane buƙata. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce aikin sauyin: layukan da za su kai wutar, wurin ajiye ta, na'urorin da za su riƙe layin kada ya faɗi, da kamfanin da zai iya biyan kuɗinta shekara ashirin ba fashi. Ƙasar da ta sayi faifai ta bar waɗannan a baya za ta samu wuta mai arha da ba ta da hanyar amfani da ita.

Megawat dubu na sola daidai yake da megawat dubu na kwal?

Ba daidai ba ne, kuma a nan alƙaluman da ake sanarwa suka fi ruɗar mutane. Megawat yana nuna iyakar abin da tasha za ta iya fitarwa a lokaci guda. Abin da ake sha a shekara kuwa da megawat-awa ake auna shi. Shekara tana da awa 8,760. Tashar kwal mai megawat 1,000 da ke aiki kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinta tana ba da megawat-awa kusan miliyan 6.1. Tashar sola a ƙasa mai rana sosai takan kai kashi 20 zuwa 25, a arewacin Turai kuwa wajen kashi 10 zuwa 12. Idan muka ɗauki kashi 20, sai an kafa megawat 3,500 na sola kafin a samu wutar da wancan kwal ke bayarwa. Kowane megawat yana cin fili wajen hekta biyu, ke nan hekta 7,000.

Injin iska na tudu yakan ba da kashi 25 zuwa 40, na cikin teku ya fi haka. Amma iska tana da wani hali: ƙarfin da ke cikinta yana ƙaruwa da saurinta ninki uku a jere, wato idan saurin ya ninka biyu ƙarfin ya ninka takwas. Shi ya sa ɗan kuskure wajen zaɓen wuri yake kashe aiki. Kafin a zuba kuɗi akan kafa dogon turke a auna iskar wurin aƙalla shekara guda cur. Injin yana fara juyawa a wajen mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, yana kuma tsayar da kansa a wajen mita 25 don kada guguwa ta karya shi.

Wani abin da ba a cika sani ba: faifan sola haske yake so, zafi yana rage masa ƙarfi. Duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Faifan da ya yi zafi zuwa digiri 65 ya yi asarar wajen kashi 14. Ƙura ma tana cin nata rabon idan ba a wankewa.

Idan rana ta faɗi fa?

Matsalar faɗuwar rana ita ce wadda aka fi samun maganinta. Abin da ke faruwa shi ne, da tsakar rana sola takan cika layi har a rage wa sauran tashoshi aiki, sannan da magariba ta janye cikin awa biyu zuwa uku, daidai lokacin da mutane suka koma gida suka kunna komai. Sai a buƙaci wani abu da zai hau da sauri ya cike gurbin. Tashar kwal ba ta iya wannan, domin tukunyarta tana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin ta yi zafi, kuma yawan kunnawa da kashewa yana tsattsaga bututunta. Injin gas mai saurin tashi yana iyawa cikin mintuna, madatsar ruwa ma haka, batir kuwa cikin ƙasa da daƙiƙa.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta nuna cewa abin yana yiwuwa. Zuwa 2024 ta kafa baturan da suka haura megawat 10,000, yawancinsu masu ɗaukar awa huɗu, suna sha da rana su zubo da yamma. Batirin litiyam yana mayar da kimanin kashi 85 zuwa 90 na abin da aka zuba masa. Zafi ne babban maƙiyinsa, saboda haka kwantenonin suna da na'urar sanyaya, ita ma tana cin wuta, kuma dole a sa ta a lissafi.

Akwai hanyar da ta fi batir arha, ana kuma yawan mantawa da ita: a matsar da buƙatar kanta. Famfunan ruwan birni, ɗakunan sanyi, cajin motoci da wasu ayyukan masana'antu duk za su iya komawa tsakar rana idan aka sa farashin wuta ya yi sauƙi a lokacin. Sharaɗinsa shi ne mitar da ke gane awa, ba mai tara jimilla kawai ba.

Idan kuma aka yi mako guda ba rana ba iska?

Wannan ce tambaya mai wuyar gaske, kuma duk wanda ya amsa ta da batir kawai bai yi lissafi ba. A ɗauki ƙasar da ke cin megawat 5,000. Riƙe ta awa huɗu yana buƙatar ajiyar megawat-awa 20,000. Riƙe ta mako guda, awa 168, yana buƙatar 840,000, wato ninki 42. Ga shi kuma batirin yamma yana aiki kullum yana mayar da kuɗinsa, na mako guda kuwa sau biyu ko uku zai yi aiki a shekara. Jamusawa suna fama da irin wannan yanayi a lokacin sanyi, inda gajimare ke rufe sama iska kuma ta kwanta kwanaki a jere. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya sun fi sa'a, domin bambancin hasken rana tsakanin watanni bai kai na Turai ba, ko da yake damina da hazo suna rage shi.

Abubuwan da ake haɗawa don wannan su ne kamar haka. Na farko, madatsa mai hawa biyu: a tura ruwa tafkin sama idan wuta ta yi yawa, a sako shi ta injin idan ta yi ƙaranci. Tana mayar da kashi 70 zuwa 80, tana kuma yin shekaru hamsin ko fiye. Amma tana son tudu da ruwa mai yawa, domin tan ɗaya na ruwa da ya faɗo daga tsayin mita 100 bai wuce kilowat-awa 0.27 ba. Tashar Fengning ta ƙasar Sin mai megawat 3,600 ita ce mafi girma a irinta. Na biyu, haɗa layi da maƙwabta. Denmak tana samun fiye da rabin wutarta daga iska, kuma abin da ya sa ta iya shi ne layukan da suka haɗa ta da Norwe, Siwidin, Jamus, Holan da Birtaniya. Madatsun Norwe tamkar rumbunta ne. Na uku, iskar haidirojin, wadda ake fitarwa daga ruwa da wutar lantarki a adana: ana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 a samar da kilo ɗaya, idan aka mayar da shi wuta kuma abin da ke dawowa bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Asara ce babba, don haka mun fi ganin amfaninta a masana'antar taki da ƙarfe. Na huɗu, wanda masu fafutuka ba sa son ji: a bar wasu tashoshin gas a tsaye, ana biyan su kuɗin zaman jira, suna aiki 'yan ɗaruruwan awoyi a shekara. Kai kashi 80 ko 90 na wutar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa abu ne da aka san hanyarsa. Kashi goma ko ashirin na ƙarshe shi ne mai tsada.

Da gaske ne sola da iska suna jawo faɗuwar babban layin ƙasa?

Amsar tana buƙatar a fahimci yadda layin yake tsayuwa. Wutar da ke cikinsa tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka. Idan abin da ake sha ya fi abin da ake samarwa wannan bugun yana sauka, idan ya sauka da yawa na'urorin kariya su fara cire tashoshi da garuruwa. A tsohon tsari kowace tasha tana da injin ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan tan yana juyawa daidai da bugun layin. Idan wata tasha ta mutu farat ɗaya, nauyin juyawar sauran yana rage saurin faɗuwar, ya ba da 'yan daƙiƙoƙin da za a kawo ɗauki. Faifan sola ba ya juyawa. Shi da batir da injin iska na zamani ta inbata suke shiga layi, wato na'urar da ke mayar da wutarsu irin ta layin, kuma yawancin inbatocin da aka kafa bin bugun da suka tarar suke yi, ba sa kafa nasu. Da zarar sun yi rinjaye, layin ya zama mara nauyi, ƙaramin girgiza ya isa ya kaɗa shi.

Abin da ya faru a Kudancin Ostareliya ranar 28 ga Satumba 2016 darasi ne. Guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, boltej ya yi ta faɗuwa yana tashi a jere, sai gonakin iska da dama suka janye kimanin megawat 450 cikin daƙiƙoƙi, domin an saita kariyarsu ta cire su bayan adadin girgiza kaza. Layin da ya haɗa jihar da maƙwabciyarta ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa ya yanke, jihar baki ɗaya ta shiga duhu. Gyaran farko bai wuce sauya saiti ba. A 2017 aka kafa batirin Hornsdale mai megawat 100, daga baya aka ƙara manyan injuna huɗu masu juyawa ba tare da ƙona mai ba, aikinsu kawai ba layin nauyi da daidaita boltej. Yau jihar tana samun fiye da kashi biyu cikin uku na wutarta daga rana da iska.

A Sifaniya da Fotugal, ranar 28 ga Afrilu 2025, wuta ta ɗauke jim kaɗan bayan ƙarfe 12 da rabi na rana. Binciken da aka yi ya nuna hauhawar boltej ce ta yi ta cire tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Tashoshin da aka ɗora wa aikin shanye hauhawar ba su wadatar ba, dokar lokacin kuma ba ta sa tashoshin sola su yi wannan aiki ba alhali inbatocinsu za su iya. A Teksas kuwa, a Fabrairun 2021, mafi yawan wutar da aka rasa ta tashoshin gas ce da sanyi ya daskarar da kayansu.

Hukuncinmu shi ne haɗarin na gaske ne, kuma maganinsa sananne ne: dokar shiga layi da ta tilasta wa kowace tasha jure girgiza da taimakawa wajen boltej, inbatoci masu kafa bugu da kansu, injunan ba da nauyi, da hasashen yanayi na awa-awa a ɗakin kula da layin. Dole kuma a gwada saitin kowace tasha a zahiri, kada a tsaya ga abin da mai kwangila ya rubuta.

Me ya sa kullum ake cewa layukan dakon wuta ne cikas?

Domin rana da iska mafi kyau ba kasafai suke kusa da birane ba, kuma gudun ginin tasha da na layi ba ɗaya ba ne. Gonar sola takan kammala cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Babban layi yakan ci shekara goma, yawancinsu a neman izini, biyan diyyar filaye da shari'a.

A Kenya an gama gonar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 a 2017, amma layin sama da kilomita 400 da zai kwashe wutar bai kammala ba sai ƙarshen 2018. Injuna suka zauna, yarjejeniya kuma ta wajabta a biya masu tashar diyyar wutar da ba a sha ba. A Jamus iska tana arewa, manyan masana'antu suna kudu. Layin SuedLink mai tsawon kimanin kilomita 700 an so ya fara aiki a 2022, amma adawar mazauna yankunan ta sa aka koma binne shi a ƙasa, aka ɗage zuwa wajen 2028. Kafin nan ana kashe biliyoyin Yuro duk shekara wajen tsayar da injunan iska a arewa da kunna wasu tashoshi a kudu. A Sin, a 2016, lardunan Gansu da Xinjiang sun zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutar iskarsu saboda rashin hanya. Ƙasar ta amsa da manyan layuka, ciki har da na Changji zuwa Guquan mai tsawon fiye da kilomita 3,000 da ke ɗaukar megawat 12,000. A Amurka, a ƙarshen 2023, ayyukan da ke jiran izinin shiga layi sun kai wajen megawat miliyan 2.6, fiye da dukan tashoshin da ƙasar ke da su.

Ana iya rage jiran da wasu dabaru: sauya tsofaffin wayoyi da sababbi masu ɗaukar ninki a kan turakun da ke akwai, kafa sabuwar tasha a filin tsohuwar tashar kwal don a gaji layinta, da ajiye batir a inda layi ke cunkushewa. Babban taransifoma kuwa yanzu sai an jira shekara biyu zuwa huɗu bayan an ba da oda. Ba a fafe gora ranar tafiya, a yi odarsa tun aikin yana kan takarda.

Idan rana kyauta ce, ina kuɗin ke tafiya?

Yana tafiya ne a ranar farko. Tashar gas tana da sauƙin gini amma ana sayen mai muddin tana aiki. Tashar sola ko iska kusan dukan kuɗinta a gini yake, saboda haka farashin wutarta ya rataya ne a kan kuɗin ruwan bashin da aka gina ta da shi. Ga lissafi: aikin da ya ci 100, za a biya cikin shekara 25. Da kuɗin ruwa kashi 4, biyan shekara 6.4 ne. Da kashi 12, ya zama 12.75. Faifai iri ɗaya, rana iri ɗaya, farashin wuta ya ninka. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashe masu tasowa da suka fi kowa rana suke samun kaso kaɗan na jarin.

Abin da ke ɗaga kuɗin ruwan abu biyu ne galibi. Ɗaya, mai sayen wutar. Idan kamfanin wutar ƙasa yana asarar kashi 30 ko 40 ta hanyar lalatattun wayoyi, satar wuta da rashin biya, ko gwamnati ta ƙayyade farashi ƙasa da abin da aka kashe ba ta kuma cika giɓin ba, babu bankin da zai yarda da alkawarinsa na shekara ashirin. Biyu, canjin kuɗi: ana cin bashi da dala, ana sayar da wuta da kuɗin gida, idan kuɗin gida ya faɗi bashin ya kumbura. Maganin ba ya da armashi a bakin ɗan siyasa, amma shi ne tushe: mita ga kowa, karɓar kuɗi da gaske, farashin da ya biya kuɗin aiki tare da tallafi kai tsaye ga marasa ƙarfi, lamunin bankunan raya ƙasa, da jawo asusun fansho na cikin gida don a ci bashi da kuɗin gida.

Yurugwai ta bi wannan hanya. Ta yi gwanjon kwangila a fili, kamfanin wutarta na gwamnati ya ba da yarjejeniyar saye ta shekara ashirin, jam'iyyu suka amince ba za a sauya manufar ba ko mulki ya sauya. Cikin shekara goma iska ta kai wajen kashi ɗaya cikin uku na wutarta, kuma yawancin shekaru fiye da kashi 90 na wutar ƙasar daga makamashi mai sabuntuwa yake. A lura dai tana da madatsun ruwa tun da can, su ne suka riƙe mata iskar.

Wane kuskure gwamnatoci suka fi yi wajen tallafi?

Sanya farashi mai tsoka ba tare da iyakar adadi ba, sannan a janye da baya. Sifaniya ta yi haka: a 2008 kaɗai aka kafa sola wajen megawat 2,600, nauyin biyan ya fi ƙarfin tsarin, daga 2010 gwamnati ta fara zaftare abin da ta riga ta yi alkawari, masu jari suka kai ta kotunan sasanci na duniya da ƙararraki masu yawa, kasuwar kuma ta mutu shekaru. Biyetnam ta sa wa'adi ga farashinta, kowa ya yi rige-rige, sola ta tashi daga kusan babu zuwa sama da megawat 16,000 a ƙarshen 2020, yawanci a larduna kaɗan da layukansu ba za su iya ɗauka ba. Gwanjo mai ƙayyadadden adadi, a wurin da aka tabbatar layi zai ɗauka, ya fi aminci.

Idan kowa ya sa sola a rufinsa, ba an huta ba?

Mai rufin ya samu sauƙi, kuma abu ne mai kyau. Sai dai kuɗin turaku da wayoyi da bashin tsofaffin tashoshi ba ya raguwa don masu hali sun rage saye. Yana komawa kan waɗanda suka rage, farashi ya tashi, wasu ma su fice. Pakistan ta shigo da faifan sola na kimanin megawat 17,000 a 2024, alhali tana biyan tashoshi kuɗin zaman jira ko an sha wutarsu ko ba a sha ba. Akwai kuma ɓangaren fasaha: taransifomar unguwa an yi ta ne wuta ta bi ta hanya ɗaya, idan gidaje da yawa suka turo wuta baya da tsakar rana boltej yana hawa. Abin yi shi ne a yi rajistar kowane rufi, a raba kuɗin layi da kuɗin wutar da aka sha a takardar biya, a kuma saka wa mai batirin da ke turo wuta da yamma fiye da mai turowa da rana.

Ba za a koma dogaro da wasu ƙasashe ba wajen ma'adinai da kayan aiki?

Za a dogara, amma dogaron ya bambanta da na mai. Idan aka yanke wa ƙasa gas, wuta ta ɗauke a makon. Idan aka yanke mata faifai, waɗanda ta kafa za su ci gaba da aiki shekara 25, sabon gini ne zai tsaya. Duk da haka tattaruwar ta yi yawa. Sin tana da fiye da kashi 80 na masana'antar faifan sola a kowane mataki, ita ce kuma ke tace mafi yawan ma'adinan da ake yin maganaɗisun injin iska da su. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tana haƙo wajen kashi 70 na kobal na duniya, Indonesiya fiye da rabin nikel, litiyam kuma yawanci daga Ostareliya, Cile da Sin. Batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, wanda ya mamaye manyan ma'ajiyoyi yanzu, ba ya buƙatar kobal ko nikel, wannan ya rage damuwa. Wanda ya fi damun masana shi ne jan ƙarfe, domin kowace waya da taransifoma da mota suna cinsa, sabuwar mahaƙa kuma takan ɗauki fiye da shekara goma kafin ta fara fitarwa.

Ina makomar ma'aikatan kwal da mai?

Cewa sababbin ayyuka za su fi waɗanda aka rasa yawa ba ta share hawayen mahaƙi mai shekara hamsin. Sababbin ayyukan suna wani yanki, yawancinsu na lokacin gini ne, gonar sola da ta kammala kuma mutane kaɗan take riƙewa. Garin da ya dogara da mahaƙa yana rasa albashi da haraji da ciniki a lokaci guda. Sifaniya ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin mahaƙa a 2018, ta ware Yuro miliyan 250 don ritaya da wuri, horo da gyaran filayen haƙa. Jamus ta sa 2038 a matsayin wa'adin ƙarshe na kwal, ta ware wajen Yuro biliyan 40 ga yankunan. Afirka ta Kudu ta samu alkawarin dala biliyan 8.5 a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, amma yawancinsa bashi ne, kuma da aka rufe tashar kwal ta Komati a 2022 ayyukan maye gurbi ba su riga sun tsaya da ƙafarsu ba. Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa a Faransa a 2018, wadda ƙarin harajin mai ya tayar, ta nuna abin da ke biyo baya idan aka ɗora nauyin a kan mai ƙaramin ƙarfi.

Madatsun ruwa ba su isa ba?

Suna da daraja ƙwarai domin ana iya sarrafa su, amma fari yana taɓa su. A 2024 ruwan madatsar Kariba ya ja baya har Zambiya, wadda mafi yawan wutarta daga ruwa take, ta koma rashin wuta mafi yawan sa'o'in yini. Haɗa madatsa da sola ya fi: a sha rana da rana, a adana ruwa don dare.

Idan wutar lantarki ta zama mai tsabta, an gama ke nan?

Lantarki kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na makamashin da duniya ke amfani da shi. Sauran yana cikin man motoci da jirage, zafin masana'antu, girki da ɗumama gidaje. Mayar da motoci da girki kan lantarki yana nufin buƙatar wuta za ta ƙaru sosai a daidai lokacin da ake sauya tushenta. Siminti kuwa yana da tasa matsalar daban: fiye da rabin hayaƙin kabon ɗinsa daga dutsen farar ƙasa yake fita idan aka gasa shi, ko da wace wuta aka gasa.

Tsofaffin faifai da batura fa?

Faifai yana rasa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a shekara, yana kai shekara 25 zuwa 30. Inbata takan buƙaci sauyi bayan 10 zuwa 15, kuma rashin ware kuɗin wannan sauyi ne ya kashe ayyuka da yawa da aka ƙaddamar da biki. Gilashi da alminiyon na faifai suna sake narkuwa. Fukafukan injin iska sun fi wuyar sarrafawa. Mafi haɗari ga lafiya shi ne batirin dalma da ake fasawa a tsakar unguwa, domin dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Doka ta wajabta wa mai shigo da kaya karɓar tsohon, tun kafin tarin ya taru.

Yaushe ya kamata a rufe tsohuwar tasha?

Bayan an tabbatar da wanda zai gaje ta a dukan ayyukanta, domin ba wuta kaɗai take bayarwa ba. Tana ba da nauyin juyawa, tana riƙe boltej a yankinta, wasu kuma su ne ake tayar da layin ƙasa da su idan ya faɗi gaba ɗaya. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Birtaniya ta sanar da niyyar barin kwal tun 2015, ta rufe tasharta ta ƙarshe, Ratcliffe, ranar 30 ga Satumba 2024, kuma a tsakanin ta gina gonakin iska na teku da layukan haɗi da maƙwabta, ta riƙe gas a matsayin madogara.

Kafin a sa ranar rufewa, mai kula da layin ƙasa ya gwada tsarin a kwamfuta da yanayin shekaru masu yawa da suka wuce, awa bayan awa, har da makon da ya fi kowane muni, a kuma cire babbar tasha ko babban layi guda a ga ko sauran za su riƙe. Idan ya riƙe, a sanar da ranar shekara uku zuwa biyar kafin lokaci don ma'aikata da masu jari su shirya. A shekara ta farko ko ta biyu bayan tsayar da ita a bar tashar cikin shirin ko-ta-kwana, da ma'aikata kaɗan da man 'yan makonni. Idan lokacin zafi da na sanyi suka wuce ba a kira ta ba, sai a kwance tukunyar, a duba ko janaretanta zai iya zama injin ba layin nauyi, a kuma ba wa batir ko sabuwar tasha gurbinta a kan layin.